Binnen da Malam Ya Yi a Dajin Balarabe

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku ajiye abin da ke hannunku ku ba ni kunne. Ba tatsuniya zan yi muku ba, ko da ta yi kama da ita. Bana shekara biyar ke nan da rasuwar Malam, maigidana. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ban saba ba; a garinmu Baushe ake ce masa, domin maharbi ne ɗan maharbi. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Surukata Binta ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa, a nan ɗakinmu na hawa na huɗu a Al Ras, inda ƙamshin kanumfari da citta ke hawowa daga shagunan ƙasa.

Ni na riga shi zuwa Dubai. Ɗanmu Sale yana aikin kago a Al Sabkha, yana ɗaure wa 'yan kasuwar Kano kaya a kwantena. Da Binta ta haihu ya aika aka kawo ni in kama mata reno, a shekarar da jirgin ƙasan nan mai bi ta sama ya fara aiki. Bayan babbar sallah aka samo wa Malam biza ya biyo ni. Mutumin da ya shekara arba'in yana wuni a daji, ga shi an sa shi a ɗakin da ko tagarsa ba a buɗewa. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa titi, ya dawo ya zauna. Wata rana cikin sanyi sai ga ruwan sama. Ya tsaya yana kallonsa yana gangara a jikin gilashi, ya ce mini, "Innar yara, wannan ruwa ɓatan hanya ya yi. Wa ya taɓa ganin ruwa ana hura wutar jin ɗumi?" Muka yi dariya, muka manta. Ku dai kada ku manta.

Akwai wani dattijon Balarabe da sunansa ke kan takardar shagon Sale. Yana da fili can cikin sahara, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota, inda yake farauta da shaho tun zamanin ubansa. Wata rana yana shan gahawa a shagon, ya yi kuka da cewa dajin nasa ya mutu. Da yana yaro akwai zomo, akwai barewa, akwai tuje; yanzu sai ya sayo tsuntsu a keji ya saka, sannan ya sakar masa shaho. Ya ɗauki injiniya, an dasa itatuwa layi-layi, an ja musu tiyo, an gina kwamin ruwa na siminti, an sayo bareyi an zuba. Suna ci, suna sha, amma ba sa haihuwa, kullum suna jikin wayar shinge suna neman hanyar fita. Sale ya ce ai babansa maharbi ne. Dattijon ya ce a kawo shi.

Malam ya yi wuni guda yana zagaya filin da ƙafa, ya ƙi shiga mota. Da la'asar ya ce wa Sale, "Gaya masa gona ya yi, ba daji ba. Kullum mota na shiga duba tiyo, kullum warin mutum. Barewa ba ta ajiye ɗanta inda take jin takalmi." Ya nuna wani kwari can ƙuryar filin, tsakanin tudun rairayi biyu, inda ba a kai tiyo ba tukuna. Ya ce a ba shi nan, kada mota ta shiga, kada a ja ruwa. Injiniya ya ce ai nan ne za a baje a watan gobe. Dattijon ya dubi Malam ya ce ya ba shi shekara ɗaya. In ta cika ba a ga komai ba, katafila za ta baje kwarin a mai da shi kamar sauran.

Abin da Balaraben bai sani ba, kuma Sale ma bai sani ba, ni na sani. Barewar ƙarshe da aka gani a dajin garinmu, Malam ne ya harbe ta. Da aka feɗe ta aka tarar da ɗa a cikinta. Bai ci naman ba. Ya rataye bindigarsa a bayan ƙofa, bai sake ɗura mata albarushi ba. Ba ya zancen, amma duk shekara in an shiga bazara sai in ga ya yi shiru. Ranar da ya dawo daga filin nan, yana kwance takalminsa ya ce mini, "Na ɗauke wa Allah guda a can. In na mayar da guda a nan, wataƙila a karɓa."

To, sai aiki. Ya koma can da zama, a ɗakin ma'aikata, sai ranar Juma'a yake zuwa gida. Bai nemi irin ƙasarmu ba, ya ce abin da ƙasa ta sani shi za ta karɓa. Ya riƙa tona ramin tururuwa yana kwaso ƙwayar ciyawar da suka tara, yadda iyayenmu suka yi a shekarar yunwa. Ya riƙa bin raƙuma yana tsince kashinsu, domin suna cin 'ya'yan wata itaciya da ake ce wa gaf, mai kama da ƙirya, kuma ƙwayar da ta bi ta cikin dabba ta fi saurin tsirowa, kamar ta gawo. Duk Juma'a ya zo da buhu, ni kuma in murje, in tankaɗe, in bakace a faifai. Ga Binta nan tana dariya tana rubutawa. Ita ce ta riƙa kunna turaren wuta sau uku a rana tana cewa, "Inna, wallahi maƙwabta za su ce raƙumi muke kiwo a hawa na huɗu." A duk zamana a garin nan, watannin nan ne kaɗai na ji ina da aiki irin nawa.

Da zafi ya kama, Malam ya yi binne. Ku yaran birni, binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, a bar shi kwance yana jira, ruwan farko na taɓa shi ya tashi. Haka manoman ƙasarmu ke yi in bazara ta yi nisa. Bai yi layi ba. Ya watsa nan ya tsallake can, ya zurfafa rami, ya bi gindin tudu inda ruwa zai kwanta. Duk alamar da ya sani ta zo masa: zafi ya tsananta, gumi ya hana mutane sakat, iska ta yi nauyi, sama ta yi fari. A ƙasarmu in aka ga haka, ba a kwana goma. Ya ce mini, "Damina na bakin ƙofa."

Akwai wani mutum mai suna Mumuni, magidanci daga zangon Kumasi, shi ke tuƙa tankar ruwa a filin. Shi kaɗai ke jin Hausa a wajen, shi ne abokin hirar Malam. Shi ya ba ni labarin nan daga baya. Ya ce ya tarar da Malam tsaye a kan tudu yana duban gabas, ya ce masa, "Ei, Baba! Mene ne kake jira?"

"Hadari."

"Baba, nan ba Kano ba ne fa. Nan ba a damina. Ruwansu da sanyi yake zuwa, shi ma in ya ga dama."

"Kai Bazangon nan, ka shekara nawa kana duban sama? Ta cikin gilashin mota kake ganinta."

Sale ma ya faɗa masa. Ni ma da na ji a bakin matan da ke zuwa sayen kaya, na faɗa masa a hankali. Ba taurin kai ba ne. Mutum ne da tunda yake sama ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Wata ɗaya, wata biyu, wata uku. Ko ɗigo. Mumuni ya ji tausayinsa ya ce zai juye masa tanka ɗaya a kwarin, ba wanda zai sani. Malam ya ƙi. Ya ce in irin ya sha a cikin wannan wuta zai tsiro ya ƙone, kuma ya riga ya gaya wa mai fili ba za a ja ruwa ba. In ya zo Juma'a yanzu ba ya zuwa da buhu. Bayan la'asar sai mu sauka bakin ruwa, mu zauna inda kwale-kwale ke sauke mutane, shi yana duban sama ni ina duban sa. Cikin azumi, muna zaune a nan, ya ce, "Innar yara, na yi kuskure. Na dubi saman mutane da idon garinmu." Ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba sai ranar.

Ya sa Sale ya kai shi wurin dattijon, ya ce a kawo katafila, ya ɓata wa mutane lokaci. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Shwaiya shwaiya, sannu a hankali, ya Hajji. Shekara na ce, ba ta cika ba." Malam ya koma, amma ba shi ne ya koma ba. Cin abincinsa ya ragu, ƙafarsa ta kumbura. Kwana kaɗan bayan layya aka kwantar da shi a asibiti, rana ta huɗu da hantsi Allah ya karɓi abinsa. A nan aka rufe shi, cikin rairayin da bai gane harshensa ba. Ya tafi yana ganin irinsa ya mutu a ƙasa.

Ina cikin takaba, sanyi ya shigo, sai ga ruwa. Kwana biyu yana yi yana ɗaukewa. Ina zaune a kan tabarma ina jin sa a jikin gilashi, ba ni da wanda zan ce wa ya zo ya gani. Na yi kuka ranar fiye da ranar da aka fita da shi.

Saura mako biyu shekarar ta cika na fita takaba. Washegari Mumuni ya hawo har hawa na huɗu yana haki, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Mma, an kawo katafila, tana bakin waya. Amma mai fili ya ce ba a taɓa wurin sai kin gani. Yalla, maza ki sa mayafi."

Muka je da Sale. Aka bar mota nesa, muka taka. Da muka hau tudun na duba ƙasa, sai na zauna. Kwarin ya yi kore. Ba kore irin na gonar injiniya ba. Tsilli-tsilli, nan da yawa can babu, daidai yadda hannunsa ya bi. Ciyawa ta kai idon sawu, 'yan itatuwan gaf sun fito kamar tsawon yatsa. Irin bai mutu ba. Wata bakwai yana kwance cikin wuta, kuma da Mumuni ya zuba tankar nan, da ba mu tarar da komai ba.

Dattijon yana tsaye da sandarsa, injiniya na gefensa yana cewa ciyawa ce kawai, zafi na dawowa za ta bushe, ba don ciyawa aka ba da kwarin ba. Gaskiyarsa ne. Ni kuwa na shekara arba'in da maharbi, ba zan rasa abin da na tsinta ba. Na sauka kwarin a hankali ina duban ƙasa, na bi gindin tudu ta inda iska ba ta share rairayi. Can na ga sawu, kofato biyu a tsage, na barewa. A gefensa ga wani, ƙarami, bai fi kan babban yatsana ba, yana tafiya yana karkacewa. Na ɗaga hannu na kira Sale na ce, "Gaya masa ta haihu. Bai fi kwana uku ba." Dattijon ya sauko da kansa, ya durƙusa da ƙyar, ya daɗe yana kallo. Da ya miƙe ya juya wajen injiniya ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare. Kafin mu koma mota, an juya katafila.

Barewar ban gan ta ba, har yau. Sawun kawai na gani, kuma ya ishe ni.

Nakan tambayi kaina, da Malam zai leƙo yau, me zai ce? Garin ya ƙara tsawo, benaye sun tare gabas, ko hadarin ya taso ba za ka gani ba sai ya sauka a kanka. Na ji an ce yanzu masu filaye da dama suna keɓe wuri a bar wa namun daji, har ana kai baƙi kallo a mota. Na san zai ji daɗin keɓewar, ya ɓata rai da motar. A garinmu kuwa, masu zuwa sayen kaya sun ce dajin da ya yi harbi a ciki ya zama filoti, an kafa duwatsu. Can babu abin da ya saura nasa sai bindigar da ke bayan ƙofa.

Ga yadda kowa ya ƙare. Dattijon ya daina sakin shaho a wannan ɓangare har ya rasu bara. 'Ya'yansa ba su taɓa kwarin ba tukuna, gobe kuma sai Allah. Injiniya ya tafi wani aiki, na ji kafin ya tafi ya sa an yi binne a wani kwarin, amma shi ya jira sanyi ya kusa. Mumuni ya koma Kumasi, yakan kira ni da sallah ya ce, "Mma, ana ruwa?" Sale na nan da kagonsa, furfura ta fara masa. Jaririn da na zo reno ya shiga makaranta, gidan ya yi shiru daga safe har azahar. Faifan yana nan rataye, ba abin da zan bakace.

Ni kuma ina nan a bakin taga. Shekara biyar, ban koyi Larabci ba, ban koma gida ba, domin a nan yake kwance. Ranar da na ga sawun nan na roƙi Allah ya karɓa masa, guda a madadin guda, kuma ina roƙo har gobe. Duk sanyin da ruwa ya sauka a nan yankinmu na Deira, mutane na gudu suna rufe kaya da leda, ni sai in sa hannu a jikin gilashi in ce, Malam, ga daminarka. Ba ɓatan hanya ta yi ba, kai ne ka riga ta zuwa.

Nan maganata ta tsaya. Binta, ajiye alƙalamin.