Agogon Da Ya Nemi Hana Ni Aikin Hajji

Bayan aikin da aka yi mini a gwiwa, kowa ya yanke hukuncin cewa ni da doguwar tafiya mun yi sallama. Abokan fansho suka ce in rungumi tabarma, maƙwabta suka ce in wakilta wani ya yi mini Hajji. Ranar da na ƙaryata su ba za ta taɓa gushewa daga raina ba.

Babbar 'yata, ma'aikaciyar jinya, ta gindaya mini sharaɗi: ko in taka kilomita biyar ba tare da hutawa ba, ko a jingine maganar kujerar Makka. Ta ɗaura mini agogon zamani mai auna tafiya ta tauraron ɗan'adam, ta kunna irin wannan ma'auni a wayata, ta sa mini a aljihu.

"Baba, ka dakata agogon ya kama tauraron tukuna."

Ni da na shekara talatin ina aikin safiyo, awon filaye, ban taɓa makara ba, agogo zan jira? Bakwai na bugawa na bar gida a Makera, na nufi Kakuri. Wani bakanike Inyamuri da muka saba ya ɗago daga ƙarƙashin mota, ya ce, "Baba, yau kai da keke-napep kun yi faɗa ne?" Na ɗaga masa hannu kawai, domin numfashin nawa na da wurin zuwa.

Da na kewayo gida, waya ta ce biyar har da ɗoriya, agogo ya ce huɗu da kaɗan.

"Agogon ne aka ƙera don wannan aikin, Baba," in ji ta a hankali.

Amma safiyo ba ya yarda da lamba sai ya ga zane.

"Uwata, buɗe mini taswirar kowannensu."

Layin waya ya faro daga ƙofar gidana. Na agogo kuwa sai a bakin kasuwar Kakuri ya tsiro.

"To, wa ya goya ni zuwa Kakuri?"

Ta yi dariya har da ƙwalla. Ashe waya kan samu taimakon turakun sadarwa ta gane wuri nan take, agogo kuwa sai an ba shi lokaci, ni ne na hana shi.

"Laifinka ne, Baba, amma ka ci. Fara shirin ihrami."

Na zauna, na yi hamdala.

Na koyi cewa ma'auni ba ya gyara gaggawar mai shi, kuma umarnin 'yar cikinka umarni ne idan ta fi ka sani. A rubuta: Asabar ta farko bayan Ƙaramar Sallah, shekarar da na cika saba'in da biyu.