Ranar da Na Zuba Ruwa a Tukunyar Jikata

Mu biyar ne a gidan ranar: ni, da babban ɗana, da matarsa, da 'yarsu ta fari wadda a ɗakina aka yaye ta, sai ƙanwata da ta zo daga Zugu ganin likitan ido ta sauka wurinmu a unguwar Albarika, nan Paraku. Laraba ce. Washegari yarinyar za ta hau mota zuwa Kutonu koyon aikin jinya.

Tun da aka haife ta ba ta taɓa ɗora tukunyar gida ita kaɗai ba, kuma ba laifinta ba ne. Na daɗe ina sayar da wake da shinkafa a bakin hanyar Gema, kuma ko da na bar sana'ar ban bar murhu ba. Uwarta ma da ta shigo gidan sai da ta shekara tana yanka albasa kafin na bar ta ta sa gishiri. Ban taɓa yaba girkin kowa ba. In na ci na yi shiru, to ya yi.

Kwana uku kafin tafiyar yarinyar ta zo ta durƙusa gabana.

"Kaka, abu ɗaya nake roƙo. Ran Laraba ni zan yi abincin dare. Ki ba ni tukunyar Zugu, ki zauna kan tabarma, kada ki sa hannu."

"Me za ki dafa?"

"Wake da shinkafa. Amma irin na mutanen Koriya."

Na san Koriyar nan a wayarta take, wurin masu santsin gashin nan da take kallo suna kuka suna cin abinci da tsinke. Na ce mata ban san akwai inda ba a iya wake da shinkafa ba har sai an je koyo. Ta ce ita dai alkawari take so. Na yi mata, a gaban ubanta.

Tukunyar ta uwarmu ce, baƙar tukunyar ƙarfe mai kunne ɗaya da rabi. A cikinta take dafa wa kakanmu da abokan tafiyarsa in sun sauke goro a Zugu, kuma da ita aka kawo ni Paraku. Ban taɓa ara wa maƙwabta ita ba.

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma inda zan ga murhu sosai, ƙanwata ta zauna gefena da auduga manne a ido ɗaya. Yarinyar ta jingina wayarta jikin turmi, tana leƙawa tana aiki. Waken tun safe ta jiƙa shi. Ba ta sa kanwa ba, ba ta sa karan dafin da ke sa shinkafa ta yi ja ba. Duk ina kallo. Ta daka busasshen tattasai da barkono da tafarnuwa da citta, ta ce abin da su suke sawa babu shi a kasuwarmu, don haka ta jefa daddawa biyu a madadinsa. Wannan na yarda da shi. Sai ta ɗauko zuma ta tsiyaya a cikin yajin.

"Yaya, numfasa," in ji ƙanwata. "Kin kumbura kamar kwaɗo."

"Zuma a yaji. Ke da ido ɗaya ma kin gani."

"Na gani. Ba ke za ki sha kunyar ba ai."

Akwai kuma wani kabeji da ta tsare a kwalba tun ranar da muka yi alkawari, da gishiri da barkono, har ya yi tsami. Da ta buɗe, ubanta da ke alwala ya waiwayo ya ce, "Wa ya mutu a ciki?" Ta yi dariya ta ce, "Baba, kai ne za ka nemi ƙari." Ta soya riɗi har ya fara tsalle. Hannunta yana da sauri, kuma ba ta barin wuƙa a ƙasa. Na lura da wannan, ban faɗa ba.

Shinkafar ta tsotse ruwa ana kiran magariba. A nan mai girki take janye itace ta bar garwashi. Ita sai ta buɗe murfi, ta zagaya gefen tukunyar da man riɗi, ta rufe, ta ƙara tura itace ɗaya. Ta shiga ɗaki yin salla.

Na ji ƙarar tun kafin ƙamshin, ƙas-ƙas-ƙas, gindin tukunya yana kamawa. Duk shekarun da na yi a bakin hanya, mai saye bai taɓa jin ƙauri a abincina ba. Tukunyar da ta kama, a wurina, shaidar mace ce mai hira a bakin murhu. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafafuna ne suka kai ni. Na janye itacen, na ɗebi ruwa cike da moɗa na zuba, na juya da muciya har ƙasa.

Ta fito da hijabinta ta tsaya. Ta dubi tukunyar, ta dubi muciyar da ke hannuna.

"Kaka, ƙanzon nake so. Shi ne abincin. Da gangan na bar shi."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na sami abin cewa.

Shinkafar ta caɓe. Haka ta zuba wa kowa a kwanonsa, jan yajin a gefe, kabejin a gefe, soyayyen ƙwai a sama, ta barbaɗa riɗi, ta ce a cakuɗa kafin a ci. Ubanta ya ci yana share gumi, ya kuma nemi ƙarin kabejin, ba wanda ya tsokane shi. Uwarta ta ce ya yi daɗi, sau biyu, da irin muryar da ake gaida mara lafiya. Ni na ci. Yajin yana fara wa mutum da zaƙi, sai ya wuce maƙogwaro ya kama shi. Abin ya yi, ban da shinkafar, kuma shinkafar aikina ce. Yarinyar ta ci loma uku ta ce za ta ƙarasa haɗa kaya.

Muna wanke hannu ƙanwata ta ce, "Yaya, kin manta Inna."

"Me na manta?"

"Ran da fatake suka ci suka tashi. Ba takan mayar da tukunyar nan kan wuta ba?"

Na manta, wallahi. Sai da ta faɗa ya dawo mini duka. Tsakar gidanmu na Zugu, ƙamshin ganyen goro a jiƙe, Inna ta kwashe wa baƙi ta bar ɗan saura a gindin tukunya, ta zuba man kaɗanya kaɗan ta tura itace. Mu biyu muna tsugune muna jin ƙas-ƙas ɗin nan. Ta kankare da bayan ludayi ta ɓare mana a tafin hannu, da zafinsa, da ɗan yaji. Mukan yi faɗa a kan wanda ya fi ja. Wannan tabon da ke goshin ƙanwata a kan ƙanzo ta same shi, ni na ture ta. Sana'a ce ta koya mini ƙin sa, har na manta cewa an taɓa yin sa don a faranta mini.

"Ita ba ta san Inna ba," in ji ƙanwata. "Sai ga shi ta je Koriya ta ɗauko ta."

Ban iya ba da haƙuri da baki ba, ba a koya mini ba, kuma na tsufa da koyo.

Da asuba bayan na yi salla na hura wuta. Na ɗora wake da shinkafa kaɗan a tukunyar Zugu, ba kanwa, ba karan dafi. Da ta tsotse na ɗauko kwalbar man riɗinta na zagaya gefe yadda na ga ta yi, na rufe, na tura itace. Da ta fara ƙara sai na mayar da hannuwana baya na riƙe ɗaya da ɗaya. Na tsaya haka har ƙamshin ya juya.

Ƙanzon ya ɓaro falle ɗaya, ja kamar bayan masa. Na shafa masa sauran yajinta, na karya gida huɗu na sa a kwano mai murfi. Sannan na wanke tukunyar, na goge ta da mai, na ɗaure ta a tsohon zanena na ajiye kan jakarta.

Ta fito ta gani. Ta buɗe kwanon, ta gutsura, ta tauna a tsaye.

"Wuta ta ɗan yi yawa, Kaka."

"Na sani. Sai ki gyara a can. Kada ki wanke tukunyar da sabulu, kuma kada ki ara wa kowa."

Na ɗauki tukunyar a kaina na raka ta har bakin titi.