Irin Kuɓewar Yaya Afra

Duk wanda ya ce min Yaya Afra ba ta da gida sai mun ɓata da shi. Gida gare ta, tayoyi huɗu ne kawai a ƙarƙashinsa.

Maƙwabciyata ce a Hadayek el-Maadi lokacin da na zo karatu Masar. Bahaushiyar Sudan ce, 'yar garin Mai Wurno, mai dariyar da ake ji daga hawa na huɗu. Mijinta Tijjani gyaran injin ban-ruwa yake yi. Ranar da mai gidan da suke haya ya ce su tashi, ɗansa zai yi aure, ni ce na fi su tayar da hankali. Shi kuwa Tijjani sai ya samo tsohuwar ƙaramar bas, ya ciccire kujerun, ya kafa gado da kanta da ɗan murhun gas. Na ce, "Yaya, a mota? Sai ka ce kayan kasuwar Ataba?" Ta ce, "Yalla, Fiddausi, shigo ki sha shayi, kya yi surutun daga baya."

Shekara biyu ke nan suna zagaya gonakin bayan Giza. Inda inji ya lalace nan suke nufa, masu gona su ba su gindin dabino ko mangwaro su sauka, ko sisi ba a karɓa. Afra ta yi ƙiba, ta koyi tatsar nonon ɓaunar gida irin ta Masar. Amma Tijjani akwai taurin kai! Ba ya wuce kwana uku a gonar kowa, wai daga nan baƙo ya fara nauyi. Ko ana haɗa shi da Allah sai ya tashi.

Abu ɗaya ne ke cin Afra a rai. Da za ta baro gida, mahaifiyarta ta ƙulle mata irin kuɓewa a tsumma, na gonarsu, wanda tun zamanin kakarta ake ajiyewa. Gonar yanzu ba mai zuwa, tsohuwar ma tana wani gari wajen ɗanta. Abin da ke cikin tsumman shi ne ya rage, ga shi yana tsufa. In ya ƙara shekara, ko an shuka ba zai fito ba.

Sai ta roƙi Hajja Samah, wata dattijuwa Bamisriya mai gona kusa da Badrashin, ta ba ta ɗan wuri a bakin ruwa. Ta shuka irin gaba ɗaya, ta ce a riƙa duba mata. Abin da ta manta ba ta faɗa ba shi ne, na iri ne, ba na miya ba.

Aiki ya ja su har Fayyum, sai bayan wata huɗu suka koma. Da ni aka je, muna hutu. Hajja Samah ta tare mu da guɗa, ta zaunar da mu, ta dire kasko yana tururi. Kuɓewa ce 'yan mitsi-mitsi cikin tumatir da nama. Mutanen Masar haka suke son ta, ba sa bari ta girma. Ashe kullum da safe sai baiwar Allah ta bi ta tsinke tas, har ta cika firiza, duk don ta burge baƙuwarta.

Afra ta ajiye burodi ta ruga bakin ruwa, muka bi ta. Ko ƙwaya ɗaya ba a bari ta ƙosa ba. Shukar duk ta gaji, ga sanyi ya kusa, sai 'yan furanni a kan tushe biyar.

Da Hajja Samah ta gane ɓarnar, ta dafe ƙirji tana ba da haƙuri, "Ma'alish, 'yata, ma'alish!" Ta rantse ba za ta ƙara taɓawa ba. To amma awakinta fa? Su ba su rantse ba. Afra ta dubi mijinta ta ce, "Malam, ni fa ba inda za ni sai sun bushe." Kwana arba'in ake magana. Tijjani ya sosa ƙeya.

Rana ta huɗu da hantsi ya tayar da mota. Raina ya ɓaci, na ce lallai yau zan ga rashin imani. Ya fita ta ƙofar gona, ya zaga ta bayan masallaci, sai ga shi ya dawo. Ya sauko, ya gyara hula, ya rangaɗa sallama kamar bai taɓa ganin wurin ba. Hajja Samah ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Ahlan! Ashe baƙi muka yi! A ɗora shayi!"

Sau goma sha uku ya yi wannan zagayen, kuma kowane karo sai an yi masa sannu da hanya. Afra kuwa ta kafa kujera a bakin ruwa da sanda a hannu, awaki suka sha wuya.

Ranar cira na sake komawa. Guda goma sha ɗaya suka ƙosa, suka bushe ƙayau. Afra ta kira mahaifiyarta a waya, da ma tsohuwar ta san labarin duka. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta ɗauki ɗaya ta kaɗa a bakin wayar, ƙwayoyin suna caccaka a ciki.

Sai muryar tsohuwa ta fito. "Afra, ta gonarmu ce?"

"Ita ce, Inna." Tana dariya, hawaye na zuba.

"To ki raba biyu, ki ba matar nan rabi. Kada ki ƙara barin sa a hannun mutum ɗaya."