Motar da Muntari Ya Ce A Kai Wa Yara

Duk wanda wayarsa ta taɓa faɗawa ruwa a Safana ya san Muntari mai gyara. Dogo ne siriri, ga hannu mai kyau, ga nauyin baki na ban haushi. Sai ka yi masa gaisuwa biyar ya amsa biyu. Haifaffen Darini ne ta ƙasar Batsari, gidan noma, irin gidajen da har yanzu suke riƙe da al'adun kakanni gam. Tun yana ƙarami yake kwance rediyon babansa yana shan duka, har abin ya zama sana'a, ya kama 'yar rumfa kusa da tasha.

'Yarsa ta fari aka sa wa sunan mahaifiyarsa, ake kiranta Uwani. To, nan fa ake yin ta. A gidansu Muntari, ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka nuna ka damu da shi. Ana yaye ta yayarsa Tasalla, wadda Allah bai ba 'ya mace ba, ta goye ta zuwa Darini. Can ta tashi tare da Yazid ɗan Tasalla, ta ji yana ce wa Muntari Kawu, ita ma ta ɗauka. Ta san shi ya haife ta, an gaya mata. Abin da ba ta sani ba shi ne ko yana sonta. Shi kuwa, Allah ya sani, duk cikin 'ya'yansa babu wadda take tsaye masa a rai kamarta.

Sai shekarun wahala suka shigo. 'Yan bindiga suka hana noma, ƙauyuka suka yi ta watsewa. A daminar da aka katse layukan waya a yankin, Tasalla da mijinta suka kwaso yara suka sauka gidan Muntari. Uwani tana da shekara tara.

Mai gyaran waya a garin da babu sabis, me zai gyara? Sai zaman kallon hanya. A cikin wannan zama ne wani mai gwanjo ya kawo masa rediyo, da aka gama ya ajiye masa wata leda ya ce ya kai wa yara. Muntari ya zazzage ta a kan tebur. Ƙananan bulo ne na roba, ja da rawaya da baƙi, irin waɗanda ake danna wani kan wani su kama. A ciki har da rimot na wata motar wasa da ta mutu.

Ranar Uwani ce ta kawo masa abincin rana. Ta ajiye kwano, ta tsaya. Ta ɗauki bulo biyu ta haɗa, suka ce ƙas, ta yi dariya.

"Kawu, ana iya yin mota da su?"

"Ana iya," in ji shi, idonsa na kan tebur.

"Mai manyan tayu. Wadda ba ta maƙalewa a taɓo. Tamu da za mu zo sau uku ta maƙale, sai da muka sauka muka tura, Inna tana kuka."

Tana fita ya share tebur.

Wata biyu da 'yan kwanaki ya yi a kan motar nan. Ya ciro ƙaramin inji daga tsohuwar rediyo mai kaset, ya haɗa da batirin waya. Daniel mai faci, maƙwabcinsa a tasha, ya yanko masa roba mai kauri, suka yi tayu huɗu kowace ta kai murfin langa. Sifirin biro ya tara ya yi mata abin lotsawa, don in ta hau dutse kada ta kife. Jikin kuwa bulo ne zalla, ja a sama, baƙi a ƙasa. Sau nawa ya rushe ya sake? Shi kansa bai sani ba. In ta karkata kaɗan sai ya warware ta gaba ɗaya. Daniel ya ce, "Kai dai Muntari ka cika naci, sai ka ce gwamna zai hau."

Kullum da azahar Uwani na zuwa da kwano, kuma kullum sai ta yi jinkirin komawa. Ita ke ware masa bulo launi-launi. Ita ta gano dalilin da ya sa motar ke kifewa a kwana, ta ce, "Batirin ya yi sama da yawa, Kawu." Ya sauko da shi, motar ta daidaita. Daɗi ya kama shi har wuya. Abin da ya iya fitowa daga bakinsa shi ne, "Ke, je ki, ana nemanki a gida."

Ranar gwaji tasha ta cika. 'Yan acaɓa, mahauta, masu shayi, kowa ya baro abin da yake yi. Muntari ya danna rimot, motar ta zabura, ta haye tudun yashi, ta taka gwangwanaye, ta keta kwatami ta fito tana ɗigar ruwa. Mutanen da suka manta rabon su da dariya suka yi ta ihu. Cikin hayaniyar nan Uwani ta matso, ta kama gefen rigarsa, ta ce da ƙarfi, "Kawu, ta wa ce?"

Dattawa na zaune a benci, wasu 'yan Darini ne da suka san ko ita wace ce. Ido ya dawo kansa, wani har ya fara murmushi. Kunya ta rufe shi. Ya zame rigarsa ya ce, "Ta mai rabo ce."

Kash! Kalma ɗaya ce ta gagare shi. Ya ce a ransa ba komai, akwai hanyar da manya ke bi, a ba mariƙiya ta miƙa.

Mako bai zagayo ba mijin Tasalla ya sami labarin gonar aro can ƙasar Bauci, suka ɗaura kaya. Da safe akori-kura na tsaye ƙofar gida, Muntari ya fito da kwali ɗaure da igiya, ya miƙa wa yayarsa.

"Yaya, ga wannan. A kai wa yara."

"Yara?"

"Yara dai," in ji shi, ya juya da sauri.

A ganinsa ya gama magana. Wace yarinya yake da ita a hannun Tasalla in ba ɗaya ba? Bai ko tsaya ya ga tashin motar ba, don kada a ce ya fito rakiyar 'yar fari.

Shekara uku ba su zo ba. Kuɗin mota ya ninka, hanya ba lafiya. Sabis ya dawo, aiki ya dawo, amma in sun yi waya da Tasalla ya tambayi amfanin gona, ya tambayi maigida, ya ce yaya yara, ta ce lafiya lau. A nan yake tsayawa. Shi kaɗai yakan zauna yana hango Uwani da rimot a hannu, yana jin sanyi a ransa.

Rasuwar wani baffansu ce ta kawo su. Uwani ta yi tsawo, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, gaisuwar da ake yi wa baƙo mai daraja. Bayan sadakar uku, suna zaune a tsakar gida su uku, shi da Tasalla da Uwani, ya yi ta kewaye-kewaye har ya ce, "Motar nan fa, tana tafiya?"

Tasalla ta yi dariya. "Wace mota? Yazid ai wata ɗaya bai yi da ita ba. Ya tsinka wayoyin, bulon suka watse a unguwa."

"Yazid?"

"To wa zan ba? Mota ai ta maza ce. Ka ce yara, na ce ɗan 'yar'uwarka kake nufi."

Muntari ya dubi Uwani, karo na farko ya dube ta sosai a gaban wani. Tana tsince shinkafa a faifai.

"Na ce masa kada ya jiƙa batirin," in ji ta, ba tare da ta ɗago ba. "Ya ce ina ruwana, shi Kawu ya yi wa. Ban taɓa riƙe rimot ɗin ba."

Ba ƙara take kai wa ba, labari kawai take bayarwa, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Ya manta da al'ada, ya manta da yayarsa na zaune.

"Uwani," ya ce. Sunan ya fito masa a karkace, don bai taɓa faɗarsa ba. "Ke na yi wa. Wallahi ke na yi wa, tun daga bulo na farko."

Tasalla ta rufe baki da hannu. Uwani ta ɗago ta dube shi, ta yi ɗan murmushi irin na yarinya mai tarbiyya da babba ya yi wa wasa.

"Kai Kawu," in ji ta. "Da ni ka yi wa, ai da ni ka ba. Na tambaye ka fa."

Ta ɗauki faifanta ta nufi madafa. Washegari suka koma Bauci, ya raka su har tasha, ya tsaya a gaban kowa har motar ta ɓace. Ba ta waiwayo ba, don ba ta zaci yana nan tsaye ba.