Jinin da Muka Ɗauka Tsargiya Ce

Wata Laraba ce lokacin kwasar gero, shekarar da nake aji biyar na firamare a ƙauyenmu da ke gefen Aujara. Baba ya tafi jana'iza, ya bar amalanke a bakin gona shaƙe da dammuna, shanun huɗarmu biyu na tsaye suna tuƙa. Ya sha gaya mini, "Kada na kuskura na ga hannunka a igiyar shanun nan." To ni a lokacin kunnen ƙashi gare ni. Yaya Hindatu, wadda nake bi, tana tsintar zangarniyar da ta zuba tana ce mini in bari, ni kuwa na ɗare kan dammunan na tsula wa babban san sanda. Ai kuwa suka zabura. Taya ta hau kunya, amalanke ta yi tsalle da ni, na faɗo da kwiɓina na hagu a kan kututturen marke. Da numfashina ya dawo, ko wayyo ban ce ba, sai da na sa ta rantse da Allah ba za ta gaya wa Baba ba. Ta rantse tana kuka, ta je ta jawo shanun ta mayar da su inda suke.

Da la'asar na zaga bayan gida, sai na ga fitsarina ja jawur. Na tsorata na gaya wa Inna, amma ko gezau ba ta yi ba, ta ce tsargiya ce. Ba laifinta ba ne. Kusan duk yaron da ke wanka a kududdufin bayan gari yana fitsarin jini, a filin makaranta ma har tsokanar wanda bai fara ba muke yi, mu ce bai zama namiji ba tukuna. Ta jiƙa mini sassaƙe, ta yi mini faɗan shiga ruwa. Wallahi har daɗi na ji, don na samu inda zan ɓoye laifina. Sai dai a raina na san ba ita ba ce. Jinin tsargiya ɗigo ne a ƙarshe, nawa kuwa daga farko har ƙarshe ne, har da gudaji.

Alhamis da Juma'a a kan tabarma na yi su. Ban kai awaki kiwo ba, ina jiyo yara na langa a ƙofar gida. Kwiɓina ya kumbura ya yi tauri, ƙishirwa ba ta yankewa, in na ɗaga kai sai ɗakin ya juya. Yaya Hindatu ta kawo mini koko, ta durƙusa ta roƙe ni a hankali in bar ta ta faɗa. Na tuna mata rantsuwarta. Ta fita da kwanon, tana tsoron karya rantsuwa, tana tsoron in mutu. Ni ma tsoron mutuwar nake ji, amma na Baba ya fi kusa. Ranar Asabar da safe na miƙe zan yi alwala, sai na zube. Baba ya janyo fatar idona ya ga ta yi fari fat. Nan take ya fita neman mota.

A asibitin Dutse, likitar da ta duba ni ta danna kwiɓin, na ƙwalla ƙara. Ta tambayi Baba ko na faɗi, ko wani abu ya buge ni. Baba ya ce ko kusa, tsargiya ce ta yi tsanani. Ta ce tsargiya ba ta kumbura kwiɓi haka, in kuwa ba a gaya mata gaskiya ba, lokacin da ya rage mini kaɗan ne. Na runtse ido. Sai na ji muryar Yaya Hindatu daga bakin ƙofa, inda take rungume da tabarma da buta: "Baba, daga kan amalanke ya faɗo, tun ranar Laraba."

Hoton ciki ya nuna ƙodata ta hagu ta fashe, kwana uku jini na zuba a cikina. Aka ce sai tiyata, kuma da wuya a bar ta. Baba ya dangwala yatsa a takarda, aka ɗebi jininsa aka ƙara mini. Ana tura ni ɗakin tiyata na tambaye shi ko mutum na rayuwa da ƙoda ɗaya. Ya juya ya kalli likitar, don shi ma bai sani ba.

Na farka da dogon ɗinki a ciki da robar fitsari. An cire ƙodar, yanzu sai a ga ko ɗayar za ta ɗauki aikin. Inna ta tare a gefen gado ta zuba wa ledar fitsarin ido kamar mai gadin madara a wuta, har ranar da ya washe. Ni kuwa faɗan Baba nake jira, bai zo ba. Ranar sallama yana ɗaure tabarma ya ce, "Da ka gaya mini ranar Laraba, bulala uku ce kawai, mu taho asibiti." Ya juya baya ya goge ido da hannun riga. Muna komawa gida Yaya Hindatu ta yi azumi uku, kaffarar rantsuwar da na sa ta karya, ni kuwa har fushi na yi da ita na kwana biyu.

Yanzu an cike kududdufin an yi gidaje, yaro in ya yi fitsarin jini asibiti ake nufa da shi. Baba ya rasu, amalanken ta daɗe da ruɓewa. Na haƙura da kokawa tun daga lokacin, kullum da gorar ruwa nake yawo, 'ya'yana kuma sun san duk ɓarnar da suka kawo mini da bakinsu ba ta da bulala. Yaya Hindatu na aure a Ringim, in na tayar da zancen sai ta yi dariya ta ce in ci abincina. Da ta cika mini alkawarin nan, da ba ni ne ke ba da labarin ba.