Ajin Yaya Lawal a Bakin Gona

Yau shekara tara da rasuwar yayana, Malam Lawal, malamin Turanci a wata firamare ta ƙasar Ruma. Allah Ya jiƙansa.

Yaya yana da wata ɗabi'a. Ƙananan kalmomin nan na Turanci masu nuna inda abu yake, bai taɓa yarda ya koyar da su a allo ba. Kwasar aji yake yi har bakin gona. Ranar koyon "between", sai ya tsayar da yara biyu a kan kunya biyu, ya saka na uku a tsakaninsu, ya ce ya faɗi inda yake da Turanci. Gani ya kori ji, in ji shi. Mun sha yi masa tsiya cewa noma yake koyarwa.

Yanzu fa? Saboda tsoron 'yan bindiga, ƙarar babur biyu ta isa ta watsa kasuwa. Da ƙyar iyaye ke barin yara su zo makaranta, da sharaɗin suna cikin aji. Da Yaya zai leƙo, ban san ko haushinmu zai ji ko tausayinmu ba.

'Yarsa Hajara ce ta gaji ajin. Bara ta same ni a shago ta ce, "Baffa, sun haddace amma ba su gane ba. Zan fitar da su."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Ke, 'ya'yan mutane ne fa! In aka ɗauke ɗaya, me za ki gaya wa uwarsa?"

Ta sunkuyar da kai. "To Baffa, ka zo ka tsaya mana."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun daga nan, duk Talata da hantsi nake rufe shago, in hau tudun bayan makaranta, idona a kan hanyar daji. Sau biyu na yi kururuwa aka kwashe yara a guje. Na farko ashe mai kai wake kasuwa ne. Na biyu, makon jiya, 'yan bindigar ne, suka wuce da shanun wani ƙauye.

Yaya bai bar mana gadon gida ba, bai bar na gona ba. Taurin kan nan ya bari, kuma ga shi muna rayuwa da shi. Wasu iyayen sun janye 'ya'yansu, ban ga laifinsu ba. Jiya na roƙi Hajara ta haƙura haka nan. Ta ce sauran yaran suna jira, ko in zo ko kada in zo, za su fita.

Zan je.