Hoton Mai Ɗakinsa Guda Ɗaya

Maƙwabcina ne, ƙofar shagon ɗinkina tana kallon ƙofar gidansa. Mai Hoto muke ce masa. Ba ya zuwa biki ko suna. Titi yake bi da tsohuwar kyamara a wuya, yana ɗaukar 'yan dako da masu faci da matan da ke jiran mota a ƙarƙashin gada, duk baƙi da fari. Na sha tsokanarsa cewa duniya ta koma kala, shi yana nan jiya-i-yau. A banɗaki yake wanke hotunansa da wasu magunguna masu wari, ya toshe taga da bargo, don haske kaɗan in ya taɓa fim kafin a wanke, aikin ya tashi a banza.

Mai ɗakinsa kuwa ba ta taɓa yarda ya ɗauke ta ba, wai baƙi da fari sai ka ce ta mutu. Wata rana ya hango ta tana tsallaka titi da jakar cefane, tana hararar wani direba, ya faki ido ya ɗauka. Ba a rufa mako ba ta rasu. A duniya wannan ne kaɗai hotonta, yana cikin fim ɗin da bai wanke ba.

Ya ajiye fim ɗin a kan kantar ɗakinsa, ya kasa taɓawa. Yayarsa, wadda ta zo riƙe masa gida, ta ji kullum yana cewa gobe zai wanke, goben ba ta zuwa. Baiwar Allah, tausayi ne ya kama ta. Yana fita ta zare fim ɗin kaf, ta sa sabulu ta dirje, ta shanya a igiya kusa da hulunansa.

Ina tsakar gidan, na kai wa yayar tasa ɗinki, ya shigo. Ya ciro fim ɗin daga igiya, ya ɗaga shi sama ya duba daga farko har ƙarshe. Babu ko inuwa. Ni raina ne ya ɓaci, kamar in rufe ta da faɗa. Shi ko gezau.

"Sannu da aiki, Yaya," ya ce.

Da la'asar ya zo shagona ya zauna. Can ya tambaye ni, tunda a da ni nake wa mai ɗakinsa ɗinki, ko ɗan tabon nan na haɓarta a hagu yake ko a dama. Na ce wallahi ban riƙe ba. Ya ce shi ma.